Ɗaki a bayan a-kori-kura: tambayoyi da amsoshi ga mai shirin doguwar tafiya

Duk wanda ya fara tunanin kafa ɗaki a bayan mota don ya yi watanni yana ratsa ƙasashe, tambayoyinsa kusan iri ɗaya ne da na waɗanda suka riga shi. Ga su nan na tattaro. Wasu amsoshin sun yi tsawo, wasu layi uku ne, gwargwadon yadda abin ke cizon mutane a hanya.

Wace mota ta fi dacewa?

Wadda makanikin garin da ba ka taɓa jin sunansa ba zai ɗaga bonet ya gane ta. Dalilin da ya sa ke nan Toyota Hilux da Land Cruiser 79 suka cika hanyoyin matafiya, sannan Isuzu D-Max da Ford Ranger da Mitsubishi L200 na biye. Kowace mota tana lalacewa. Abin tambaya shi ne kwana nawa za ka yi kana jiran kayan gyara.

Ka kuma duba injin. Sababbin injinan dizal masu matatar hayaƙi da tankin AdBlue, ruwan da ke rage gubar hayaƙi, an ƙera su ne don man da sulfa ta yi ƙaranci a cikinsa. Idan hanyarka za ta bi ƙasashen da mansu ke da sulfa da yawa, matatar na iya toshewa, kwamfutar motar ta rage wa injin ƙarfi kana tsakiyar daji. Tsohon inji mara yawan lantarki ya fi haƙuri da irin wannan.

Idan ku biyu ne, mai ƙofa biyu ta fi mai ƙofa huɗu nesa ba kusa ba. Bayanta ya fi tsawo, kuma ɗakin zai zauna a kan tayoyin baya maimakon ya yi lilo a bayansu.

Kilo nawa motar za ta iya ɗauka?

Nan ne aikin gaba ɗaya yake, don haka bari in daɗe.

A jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a ƙarƙashin bonet, akwai ƙaramin allo da kamfani ya liƙa. Za ka ga an rubuta GVM ko GVWR da wata lamba a gabansa. Wannan lambar ita ce iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, har da kai. Ka cika tanki, ka kai motar sikelin da ake auna manyan motoci, ka cire abin da sikelin ya nuna daga waccan lambar. Abin da ya rage shi ne jarinka. A yawancin matsakaitan a-kori-kura bai wuce kilo 1,000 ba, wasu ma ba su kai ba.

Kilo dubu kamar abin kirki ne, sai ka zauna da biro. A ce ku biyu kun kai kilo 150. Ruwa lita 80, kilo 80 ke nan, don kowace lita kilo guda ce. Jarka biyu na dizal, wajen kilo 40 da jarkokin. Safaya ta biyu, 35. Kayan aiki da na gyara, 60. Batir da firji da faifan sola, 50. Sutura da abinci da kwanuka da shimfiɗa, 85. Ka haɗa: 500. Rabi ya tafi ba ka buga ƙusa ko ɗaya ba, kuma ban sa bambar ƙarfe da winci, na'urar da ke jawo mota da igiya in ta maƙale, a lissafin ba. Ni ina son a bar wa mota rarar kilo 100 aƙalla, saboda lambar kamfani ta kwalta ce, gargada ba ta san da ita ba. To ɗakinka, da bango da rufi da gado da kabad, yana da kilo 400. Daga wannan lambar ake fara zane.

Allon yana kuma nuna iyakar kowane aksil, na gaba da na baya. Sau da yawa mota ba ta kai iyakarta ta jimla ba amma aksil na baya ya riga ya wuce nasa. Idan ka je sikeli, ka auna gaba daban, baya daban.

In na ƙara sifirin mai ƙarfi, ba shi ke nan ba?

Sifirin zai ɗaga bayan motar ta daina zama kamar tana durƙuso. Birki yana nan yadda yake, boris ɗin aksil ma haka, shasi ma haka. A idon hukuma da kamfanin inshora lambar ba ta canza ba, sai dai a ƙasashen da ke da tsarin sake tantance mota a ba ta sabuwar lamba, kamar Ostireliya.

Wannan ba ya nufin kada ka canza. Motar da za ta riƙa yawo da kaya kullum tana bukatar sifirin da shokazoba daidai da nauyinta. Amma ka bari sai ka gama ginin, ka auna, sannan ka saya. Balan-balan na iska da ake sakawa tsakanin aksil da shasi kuwa ina ɗari-ɗari da su, domin suna tara nauyi a wurin da ba a ƙera don haka ba.

Taya ma tana da tata iyakar, a rubuce a gefenta. Lamba 112 na nufin kilo 1,120, lamba 120 kuma kilo 1,400. Ka nemi masu alamar LT, wato na ƙananan motocin ɗaukar kaya, kuma a girman da ake samu ko'ina.

A ina ya kamata kaya masu nauyi su zauna?

Ƙasa-ƙasa, kuma a gaban tayoyin baya. Tankin ruwa da batir da akwatin kayan aiki su jingina da bangon da ke bayan direba.

Ga dalili. Tsakanin tayar gaba da ta baya a irin waɗannan motoci wajen mita 3 ne. Idan ka rataye kilo 100 a nisan mita 1 bayan aksil na baya, aksil ɗin zai ji kilo 133, gaba kuma ya yi sauƙi da kilo 33. Sitiyari ya fara yawo, fitila ta koma haska rassan itace. A kan gargada wannan nauyin yana sama yana ƙasa kamar tabarya, har shasi ya gaji ya lanƙwashe daidai tsakanin gidan direba da bodi. Masu ƙofa huɗu sun fi shan wannan, musamman waɗanda aka rataya wa safaya biyu da jarkoki a bayan ɗaki.

Kan rufi kuwa faifan sola kawai. Duk jarkar da ta hau can, za ka ji ta a kwana ta farko.

Ɗakin da ake saukewa ko wanda aka kafe?

Wanda ake zurawa cikin bodi a ɗaure shi a kusurwa huɗu yana da daɗi idan motar ita ce ta aikinka na yau da kullum. Ka dawo daga tafiya, ka kafa masa ƙafafu, ka zare motar. Illarsa ita ce ƙasansa matsattse ne saboda tudun tayoyi, kuma kana ɗauke da nauyin bodi a banza. Idan aka cire bodi aka shimfiɗa faranti, ko aka kafa ɗakin kai tsaye, an sami fili kuma an rage nauyi, sai dai motar ta zama ta tafiya kaɗai, kuma wataƙila sai an gyara takardunta.

Rufi mai ɗagawa ko tsayayyen bango?

Mai ɗagawa, wanda ake tura shi sama tanti ya buɗe, ya fi sauƙi, ba ya kokawa da iska, yana wucewa ƙarƙashin rassa, mai ma ba ya sha sosai. Amma tanti tanti ne. Sanyi yana ratsa shi, ƙarar waje tana shigowa, in ka naɗe shi a jiƙe ya yi funfuna. Tsayayyen bango kuwa ka tsaya, ka buɗe ƙofa, ka kwanta, ba wanda ya san ko da mutum a ciki.

Abin da kan raba gardamar shi ne kwantena. Doguwar tafiya ba ta rasa inda za a sa mota a jirgin ruwa. Mai bin hanyar da ta ratsa nahiyar Amurka daga arewa zuwa kudu, alal misali, dole ya yi haka tsakanin Panama da Kolombiya, domin babu titi a dajin Dariyen. Ƙofar kwantena ta gama-gari tsayinta wajen mita 2.28 ne, faɗinta 2.34. Kwantenar da rufinta ya fi tsayi ƙofarta ta kai wajen 2.58. Motar da ta wuce haka sai dai jirgin da ake tuƙa motoci a shigar, inda za ka miƙa makulli ga wanda ba ka sani ba, kayanka na ciki. Santimita biyar na iya jawo maka wannan, don haka ka auna har da fankar rufi da faifan sola.

Da me zan ƙera shi: ƙarfe, alminiyam, katako?

Ƙarfe yana da babbar fa'ida guda: duk inda ka je akwai mai walda. Amma ya ninka alminiyam nauyi kusan sau uku, kuma yana tsatsa daga ciki inda ido ba ya gani.

Alminiyam ba nauyi, ba tsatsa, sai dai yana da halinsa. Wurin da aka yi masa walda yakan yi rauni, kuma nan yake fara tsagewa bayan dubban kilomita na jijjiga. Mai waldarsa ba a kowane gari yake ba. Yana kuma jan zafi da sanyi daga waje zuwa ciki kamar an aike shi. Idan ya haɗu da ƙarfe ga danshi, sai ya fara cinyewa, don haka a raba su da roba ko fenti.

Katako da filawud, in an rufe su da faiba da kyau, sun fi abin da mutane ke zato. Kafinta na iya yi, gyara ba wuya. Makiyinsu ruwa ne: ƙaramin rami ɗaya a rufi, shekara biyu, bango ya ruɓe.

Abin da ƙwararru suka fi amfani da shi yanzu shi ne allon da aka sa soso mai tauri a tsakiya, faiba a fuska biyu. Ba ya bukatar ginshiƙi, shi ne bangon, shi ne kuma rigar da ke tare zafi. Ana haɗa kusurwoyinsa da gam irin su Sikaflex 252, wanda ke zama kamar roba ya bi motsin ɗaki ba tare da ya fashe ba. Mutane kan yi dariya in aka ce da gam aka haɗa ɗaki, alhali gilashin gaban motarsu ma gam ke riƙe da shi. Sirrin yana wurin goge fuskar da kyau, shafa abin da ke sa gam ya kama, da barin kaurin milimita 2 zuwa 3. Ka matse shi ya zama siriri, ka kashe shi.

Yaya ake ɗaure ɗakin da shasi?

Shasi yana murɗewa idan taya ɗaya ta hau dutse ɗaya ta faɗa rami. Haka aka ƙera shi. Ɗaki kuwa akwati ne mai tauri. Ka ɗaure su ƙam a ko'ina, ɗayansu zai ba da kai, ko bango ya tsage ko ƙofa ta daina rufuwa. A manyan motoci irin su Unimog ana ɗora ɗakin a kan madogara uku ko huɗu masu juyawa. Ƙaramar a-kori-kura ba ta murɗewa haka, don haka ramukan da kamfani ya yi wa bodi sun isa, da roba a tsakani. Kada ka huda shasi a sama ko a ƙasansa, kada kuma ka yi masa walda.

Me ya sa bango ke gumi da safe?

Numfashinku ne, da tururin girki. Danshin yana neman wuri mafi sanyi ya kwanta, wato duk ƙarfen da ya ratsa daga waje zuwa ciki, da gilashi, da ƙarƙashin katifa. Soso mai kaurin santimita 3 zuwa 5 a bango yana taimakawa, amma maganin gaske iska ce: fanka a rufi tana fitarwa, ƙaramar taga a ƙasa tana shigarwa, da raga saboda sauro. Katifa kuma a ɗora ta a kan sanduna masu tazara. Rufi a shafa masa fari.

Batir nawa, sola nawa?

Ka fara da wutar da za ka ci a rana, wadda ake aunawa da amfiya-awa, ma'aunin da ake rubutawa a jikin batir. Firji mai kwamfuresa a lokacin zafi, a ce amfiya-awa 40. Fanka 15, fitilu 5, cajin waya da kwamfuta 15. Jimla 75.

Batirin dalma ba a shan fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko, don haka mai lamba 100 yana ba ka 50 ne, ga nauyin kusan kilo 30. Na litiyam irin LiFePO4 mai wannan lamba zai ba ka 80 zuwa 90, nauyinsa wajen kilo 12. Ga mai ƙirga kilo, magana ta ƙare. Abu ɗaya: ba a yi masa caji in sanyi ya kai na ƙanƙara, don haka a ajiye shi cikin ɗaki.

Sola mai wat 200 a rana mai kyau zai mayar maka da wajen 55. Bai cike ba, kuma kai a inuwa kake son fakawa. Shi ya sa nake ganin cajar da ake kira DC-DC, wadda ke ɗauko wuta daga altaneta, wato janaretan injin mota, ta fi sola muhimmanci ga mai tuƙi kullum. Mai amfiya 30, tuƙin awa biyu, ta ba ka 60. Kuma tana hana batirin litiyam ya zuƙe altaneta har ta ƙone.

Fiyus kuwa ba na'ura yake karewa ba, waya yake karewa. A sa shi dab da kan batir, a kowace wayar da ta fita. Inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida, in mai wat 1,000 ce tana jan wajen amfiya 90 daga batir mai bolt 12, waya siririya za ta narke. A yi amfani da waya mai silili da yawa, don mai ƙarfe ɗaya irin ta gini tana karyewa da jijjiga. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba.

Zan iya girki da iskar gas a ciki?

Za ka iya, da sharuɗɗa. Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta yoyo ƙasa take kwanciya. Tukunyar ta zauna a akwatinta na daban, a rufe ta ɓangaren ɗaki, da rami a ƙasa mai fita waje. A rufe ta kafin tuƙi da kafin barci. A kafa na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙin nan mara wari mai kisa. Kada a taɓa ɗumama ɗaki da murhu ko gawayi, ko da taga a buɗe. Mai zuwa ƙasar sanyi ya sa hita mai aiki da dizal, irin na Webasto ko Eberspächer, wanda ke ƙona mai a rufe ya fitar da hayaƙin waje.

Wahalar gas a doguwar tafiya ita ce bakin tukunya ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani wurin ma ba za su yarda su cika baƙuwar tukunya ba. Ni dai in da hali, kicin ɗin da ake jawowa waje na fi so.

Ruwa fa?

Lita 10 zuwa 15 ga kowane mutum a rana, in ana tattali. Tanki ya zama na robar da aka yi don ruwan sha, mai shinge a ciki don kada ruwan ya riƙa tunkuɗar motar a kwana. Ka raba ruwanka gida biyu, tanki da jarka, saboda ranar da tiyo zai zare ba ka sani ba. Matata mai ramin maikiron 0.2 tana tare bakteriya, amma bairos sai da kulorin ko tafasawa.

Sai na sa bayan gida da wurin wanka?

Wurin wanka a cikin ƙaramin ɗaki asarar fili ne, kuma ƙofar ruɓa ce. Labule da famfo a waje sun wadatar. Bayan gida kuwa ƙarami mai ɗaukuwa yana da rana, musamman daren da aka kwana cikin gari. A daji, shebur: rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, nesa da ruwa da aƙalla mita 60.

Ta ina ƙura ke shiga bayan na toshe ko'ina?

Mota in tana gudu, bayanta yana zuƙo iska, ƙurar da tayoyi suka tayar sai ta bi kowace kafa ta shiga. Ƙofar baya ta fi kowa shan ta. Bayan roba mai kyau da makulli mai matsewa, dabarar ita ce a buɗe ƙaramar kafa mai matata a gaban rufi tana fuskantar gaba. Iska mai tsabta ta cika ɗakin, sai ta riƙa turo waje ta kafofin da ƙura ke son bi.

Kabad da durowa, akwai wani abin lura?

Duk abin da zai iya buɗewa zai buɗe. Maganaɗisu ba ya riƙe durowa a gargada, sai sakata. Noti a sa masa mai roba a ciki ko ruwan da ke hana shi kwancewa. Kada ka ƙera komai da katakon nan na garin zarto da aka matse, nauyi gare shi kuma ba ya riƙe sukuru. Wurare da yawa ma jakar yadi ko akwatin roba sun fi kabad, ba ƙara, ba nauyi. Firji da batir a ɗaure su da noti har ƙasa, ka ɗauka wata rana za ka taka birki da dukan ƙarfinka.

Takardu fa?

Kafin ka yanka ƙarfe na farko, ka tambayi hukumar rajistar motoci da kamfanin inshorarka abin da suke bukata ga motar da aka sauya wa fasali. Lambar shasi da ta inji su yi daidai da abin da ke takarda, harafi da harafi, don ita jami'in kwastam zai duba, kuma kada ɗakinka ya rufe wurin da aka buga ta. Wasu ƙasashe suna neman Carnet de Passages en Douane, wato takardar lamunin cewa motar za ta fita ba sayar da ita za a yi ba, kuma ƙungiyoyin masu motoci ke bayar da ita. Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa iri biyu ne suka fi yawo, na yarjejeniyar 1949 da na 1968, kowace ƙasa da wanda take karɓa. A Turai kuma lasisin ƙaramar mota ya tsaya ne a kilo 3,500.

Winci dole ne?

A'a. Shebur, allunan da ake shimfiɗa wa taya, famfon iska mai kyau da ma'auninsa, jak da katakon da zai zauna a kai, da igiyar ja. Rage iskar taya a rairayi yana fitar da mota fiye da kowace na'ura. Kada a ɗaura igiyar ja a ƙwallon jan tirela, yana iya ballewa ya tashi kamar harsashi.

Ta yaya zan san tsarin da na zana zai yi?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zana faɗin ɗakin a ƙasa da alli, ka haɗa gado da kabad da kwali, ku shiga ku biyu. Ɗaya ya gwada sa wando ɗaya na dafa shayi. Ka gwada tashi da dare ba tare da ka taka kowa ba. Gadon da sai an kwance tebur an jera matasai kullum kafin a kwanta, a mako na uku za ka tsane shi.

Bayan ginin, kada ka yi fenti na ƙarshe tukuna. Ka loda komai, ka cika tanki, ka koma sikeli. Sannan ka yi kwana huɗu ko biyar a hanya mafi muni da ke kusa da kai, da littafi a aljihu: me ya kwance, me ya yi ƙara, ina ƙura ta shigo, me ba ka taɓa ba ko sau ɗaya. In ka dawo ka bi duk notin da ke riƙe da ɗakin ka sake ɗaurewa, ka haska shasi da tocila daidai bayan gidan direba, abin da ba ka taɓa ba kuma ka sauke shi.